Kayan Kakanni: Amsoshin Wasiƙunku kan Takobi, Gafaka da Gidan Tarihi

Wasiƙun wannan fitowar daga jihar Bauchi suka zo, kuma kusan dukkansu kan kayan gado ne: yadda za a adana su, inda za a je a ga irinsu, da abin da doka ta ce. Ma'aikatan adana kayan tarihi ne suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A gidanmu akwai takobi da sulke da wata babbar riga ta saƙi da aka ce na kakan mahaifinmu ne. Takobin ya yi tsatsa, rigar kuma asu ya fara hudawa. Ƙanena ya ce a kai wa maƙeri ya wasa takobin, rigar kuma a kai ta wanki da guga. Me kuke gani?
Wani magidanci, Unguwar Jahun, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakatar da ƙanen naka tukuna. Kayan gado da yawa a wajen gyara suke mutuwa, garin neman gira a rasa ido.

Mu fara da takobin. Da yawa daga cikin tsofaffin takubban ƙasar Hausa ruwansu daga Turai aka kawo ta hanyar Sahara, maƙeran gida suka yi musu ƙota, dukawa suka yi musu kube. A jikin ruwan, kusa da ƙota, sau da yawa akwai tambari, kamar jinjirin wata ko wasu layuka. Wannan tambarin ne ke faɗin inda takobin ya fito, kuma minti biyu a kan dutsen wasa ya isa ya shafe shi har abada. Samfefa ma haka take yi.

Ka zare shi daga kube ka ajiye su daban-daban. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da tsami, tana kuma riƙe laima, shi ya sa takobin da ya shekara a kubensa yake cin kansa a ɓoye. Sannan ka dubi tsatsar da kyau, iri biyu ce. Baƙa-baƙa mai santsi wadda ba ta shafar hannu ta riga ta kwanta, ka bar ta. Ja mai gari wadda ke zuba ita ce mai ci. Ka kakkaɓe ta da buroshin haƙori mai taushi, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo uku ko huɗu a farin ƙyalle, ka shafa daga ƙota zuwa tsini, sannan ka goge da busasshen ƙyalle har sai man ya daina fita. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa ko manja: na mota yana da datti, na abinci kuma yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura. Kada man ya taɓa fatar ƙota. In akwai adon tagulla, kada a goge shi da lemun tsami da toka kamar kwanon gida. Duhun da ya yi shekarunsa ne. Ka riƙa ɗaukarsa da ƙyalle ko safar hannu, domin gishirin gumi yana barin hoton yatsa a ƙarfe. Dubawa sau biyu a shekara ta wadatar, farkon damina da ƙarshenta.

Sulke ma da wannan man za a bi shi, kaɗan-kaɗan. Sai dai kada a rataye shi a ƙusa. Nauyinsa kan taru a wuri ɗaya, zobban da tsatsa ta ci su ɓalle. A shimfiɗe shi.

Rigar kuwa kada ruwa ya taɓa ta. Tsohon zare ya riga ya yi rauni, in ya jiƙe nauyinsa ya ƙaru sai ya yage a wajen ɗinki. In rinin shuni ce da aka buga, wanki ɗaya zai tafi da ƙyallin bugun, launin kuma ya zuba cikin aikin wuya. Asu shi ne abin gaggawa, kuma kafur ba ya kashe ƙwansa. Abin da gidajen tarihi ke yi shi ne sanyi. A naɗe rigar a farin ƙyalle, a sa a leda mai kauri, a matse iska a ɗaure tam, a sa a firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, ta yi mako biyu. Sharaɗin shi ne sanyin kada ya yanke, don haka sai a nemi firizar da ke kan sola ko wadda wutarta ba ta ɗaukewa. In an fitar, a bar ta cikin ledarta a ɗaure kwana ɗaya cur kafin a buɗe, domin raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. Daga nan a kakkaɓe kashin asun da buroshi mai taushi.

Wajen ajiya, a sami akoko ko alawayyo a wanke shi sau biyu don sitacin ya fita, a shimfiɗa a akwati. A rage yawan ninki, kuma a kowane ninki a cusa naɗaɗɗen ƙyalle don kada ya karye ya zama layi. Duk wata shida a sauya wurin ninkin. Akwatin ya hau kan benci ko bulo, ya bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya, ya kuma bar jikin bango, saboda gara.

Abu ɗaya ya rage, kuma a wurinmu ya fi duk waɗannan: ka sami dattijon da ya fi kowa tsufa a gidan, ko gwaggo, ka naɗi muryarsu a waya. Wa ya mallaki takobin, wace sarauta ya riƙe, zamanin wane Sarki, wa ya saƙa rigar? Ka rubuta ka sa a akwatin.

TAMBAYA: Mahaifinmu malami ne, ya rasu ya bar gafaka huɗu cike da littattafan hannu. Wasu takardun gefensu na marmashewa, wasu kuma rubutun ya huda takardar. Wani ya ce mu kai shago a liƙe su cikin leda da injin zafi. Ya dace?
Wata uwargida, Azare

AMSA: Allah ya jiƙan Malam, Hajiya, ya sa aljanna ce makomarsa. Kada ki yarda a kai su injin nan. Zafi da gam suna shiga cikin takardar, ledar tana rufe tsamin da ke cinta a ciki, kuma ba a iya ɓare ta daga baya sai da rubutun. Salatif ma haka: bayan 'yan shekaru ledarsa ta faɗi, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Hudawar da kika gani daga tawada take. Malamanmu sun yi amfani da tawada iri biyu. Ta gawayi da ƙaro tana zaune a saman takarda, ba ta cinta, amma ɗigon ruwa yana wanke ta. Wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe kuwa tana kama takarda da kyau, sai dai da tsufa takan koma ruwan ƙasa ta ƙone wurin da alƙalami ya bi, musamman in akwai laima. Ba a iya mayar da abin da ta ci, amma ana rage mata gudu ta hanyar ajiye littafin a busasshen wuri. Laimar iska in ta wuce kashi 65 cikin ɗari fumfuna na iya tashi, kuma ɗakin da ba ya samun iska a watan Agusta yana wuce haka nesa.

Babban haɗari ga irin waɗannan littattafai shi ne hargitsewa, tunda ba a ɗinke suke ba. Kafin komai, ki sa wani almajirin Malam mai karatu ya zauna da ke. A ƙasan bayan kowace takarda marubuci yakan sa kalmar da za ta fara takarda ta gaba. Da ita ake gane jeri. A bi gafaka ɗaya-ɗaya, kada a buɗe biyu a lokaci guda, a sa lamba ƙarama da fensir a kusurwar kowace takarda. Ban da biro. Ko an ga jerin kamar ba daidai ba, a fara lambar yadda aka same shi, gyara ya biyo baya.

Sai hoto. Waya mai kyau ta isa: a inuwa mai haske, ba da walƙiyar kyamara ba, wayar a miƙe a saman takarda, gaba da baya, har da gefen da aka yi ƙarin bayani. Shafin ƙarshe ya fi kowanne daraja, nan ake samun sunan wanda ya kwafa, wani lokaci da gari da shekara. Ki ɗaga takarda ɗaya ki duba ta a hasken taga. In kin ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta, takardar Italiya ce irin wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus da Masar, kuma tana taimaka wa masana wajen kimanta shekarun littafi. A ajiye hotunan a wuri biyu aƙalla.

Kowane littafi a sa shi tsakanin kwali biyu masu tsabta da suka ɗan fi shi faɗi, da farar takarda tsakaninsa da kwalin, a ɗaure da tsirin ƙyalle ba da roba ba, a kwantar. In gafakar ta matse har tana cin gefen takardu, a cire littafin amma a ajiye gafakar kusa da shi da lamba iri ɗaya, don ita ma tarihi ce. Kada a shafa mata man shanu don ta yi laushi. Ɓera da kyankyaso yake kira. Gyaran yagewa kuma aikin gwani ne. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a can Kaduna, da gidan tarihi na Jos duk suna riƙe da littattafan hannu, kuma za ki iya neman shawararsu ba tare da kin rabu da naki ba.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne. Ina so in kai 'yan aji shida su ga tarihi da idonsu. Ina za mu je ba tare da mun yi nisa ba?
Wani malami, Ningi

AMSA: Malam, tun kafin ku iso Bauchi akwai abin gani a kan hanyarku. A Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai Gidan Madakin Bauchi, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19 da ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu. Tun 1956 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ka sa yaran su ɗaga kai su ƙirga bakan da ke ɗauke da rufin, ka tambaye su yadda ƙasa da azara suka tsaya haka ba ƙarfe ba siminti.

A cikin Bauchi, kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, yana da ɗakin da aka ajiye wasu kayan amfaninsa da hotuna. Ginin kansa darasi ne, domin an tsara shi mai shiga ya bi ta duhu kafin ya fito fili inda kabarin yake. Daga nan ku bi ta Ƙofar Ran ko Ƙofar Wunti, ka ba su labarin ganuwar da ta kewaye garin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19. In akwai halin tafiya ta biyu, zanen duwatsu na Geji a ƙaramar hukumar Toro da na Shira sun cancanci zuwa. A Yankari kuma, ban da namun daji, akwai kogunan Marshall da kufan wuraren narkar da tama.

Ka aika takarda ko ka je da kanka mako guda kafin ranar, don a tanadar muku mai bayani. Ka raba yaran goma-goma, kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya ya zana a littafinsa ya rubuta sunansa na Hausa. A wurin zanen dutse ka ja kunnensu sosai: ba taɓawa, ba rubuta suna, ba bi da alli. Wasu kan watsa ruwa don jan launin ya fito a hoto, alhali ruwan yana jawo gishirin dutse sama ya ɓantare zanen.

TAMBAYA: Muna haƙar rijiya a gona sai muka ci karo da tukwane a kife da wani ɗan mutum-mutumin laka. Wani baƙo ya zo ya yi mini tayin kuɗi. In sayar?
Wani manomi, ƙasar Toro

AMSA: Kada ka sayar, Malam, kuma ka tsayar da haƙa a wurin. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana sayar da irin waɗannan kaya sai ga hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta hana fitar da su ƙasar waje ba izini, ta kuma hana tonon kayan tarihi ba lasisi. Dokar ta haɗa har da kayan sana'ar hannu na gida da aka yi kafin 1918. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci, ku kai rahoto ga jami'an hukumar.

Kafin su zo, abin da ke cikin rami a bar shi yadda yake, a ɗauki hoto da wani abu a gefe don a gane girma, a rufe da buhu da ƙasa mai laushi. Wanda aka riga aka ciro kada a wanke, kada a zubar da ƙasar cikinsa. Gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsin da ke ciki da su ake auna shekaru. Zurfin da abu yake da abin da ke kusa da shi su ne rabin labarinsa. Sassaken Nok, tsofaffin mutum-mutumin lakar nan da duniya ta sani, a wajen haƙar kuza aka fara cin karo da su, kuma don wasu sun kai rahoto ne aka san darajarsu har gidan tarihi na Jos ya buɗe a 1952.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta matasa na son buɗe ƙaramin gidan tarihi a garinmu. Hakimi ya ba mu ɗaki biyu, mutane sun fara kawo kaya. Ta ina za mu fara?
Sakataren wata ƙungiya, ƙasar Misau

AMSA: Allah ya yi muku albarka. Ku fara da littafin rajista kafin ku sayi gilashi ko fenti. Littafi mai ɗinkakken bango wanda ba a iya cire shafinsa. Duk abin da ya shigo ya sami lamba mai kashi uku: shekara, lambar wanda ya kawo, lambar abin. Misali 2025.4.2 na nufin abu na biyu cikin kayan mutum na huɗu a shekarar. A rubuta sunan abin yadda masu shi ke kiransa, da Hausa ko Fulatanci ko wane harshe ne, da abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi, wanda ya yi, wanda ya yi amfani da shi, da lahanin da ya zo da shi. Lambar a rubuta a ɗan kati a ɗaura da zare; a tufafi a ɗinka ɗan ƙyalle mai lamba a ciki. Kada a sa maka ko fenti a jikin kaya.

Abin da ya fi rusa irin wannan aiki shi ne rigimar magada. Don haka ku yi takarda iri biyu, ta kyauta da ta aro, mai kaya ya sa hannu da shaidu biyu daga danginsa, ta aro kuma a faɗi wa'adinta. Ku kuma koyi cewa a'a. Turmi goma iri ɗaya ba za su ƙara muku komai ba.

Ɗaki ɗaya na nuni, ɗaya na ajiya. Sabon abu ya yi wata guda a keɓe cikin leda mai haske kafin ya haɗu da sauran. In kun ga gari na zuba ƙarƙashin akushi ko ƙwarya, akwai ƙwaro a ciki. Ganga da kalangu da duk abin da ke da fata a ɗaure, da abin da aka yi wa fenti, ba a sa su a firiza, sukan tsage. A ware su a nemi shawara. Hasken rana kada ya sauka kan tufafi da fata, a sa labule mai kauri, tufafin kuma a riƙa sauya na nuni duk wata uku zuwa shida. Matsalar ƙasarmu ita ce tsalle daga laimar damina zuwa bushewar hunturu, wanda ke fasa itace da ƙwarya. Akwati ko kabad mai rufi da ƙyallen auduga a ciki yana rage saurin canjin. Kayan tagulla da suka fara fitar da kore mai gari a sa su a roba mai murfi da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima, irin na cikin kwalin sabon takalmi. Ba abinci a ɗakunan, shara kullum, makulli biyu a hannun mutum biyu, da hoton kowane abu a wani wuri daban saboda sata.

Wajen nuni, ku jera kaya bisa aiki. Saƙa, misali: auduga, gurguri, mazari, ƙoshiya, allira, har zuwa ƙyallen da aka gama. Bayani kada ya wuce layi uku, da manyan haruffa, boko da ajami. In akwai masaƙi ko maƙeri ko mai gyartai da ya rage a garin, ku ba shi rana ɗaya a mako ya zauna a ƙofa yana aikinsa yana sayarwa; yara sun fi tsayawa wurinsa fiye da gaban gilashi, kuma shi ne zai gyara muku sunayen da kuka rubuta ba daidai ba. Ku sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tun da wuri don ta san da ku ta kuma ba ku shawara.

TAMBAYA: Zauren gidanmu na ƙasa ne, ya haura shekara ɗari. In yi masa filastar siminti don ya huta da yaɓe?
Wani dattijo, Dass

AMSA: Ranka ya daɗe, siminti zai gaggauta faɗuwarsa. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitarwa. Siminti yana toshe hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a bayansa, gara ta sami hanya a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo da rabin bangon. Yaɓe da irin ƙasar da aka yi ginin, wadda aka cuɗa da ciyawa ta kwana tana ruɓa, shi ne maganinsa, a bi da makuba a sama. In akwai maginin da ya iya laso, na katsi da gashin jima da dafara, a sa a rufi da kan zanko. Kafin ruwan farko a hau soro a share bakin kowane indararo, a tabbatar ya miƙo ya bar jikin bango sosai, a kuma cike gindin ginin da ƙasa ta yadda ruwa zai gangara waje. In an ga azara ta lanƙwasa ko tana zubar da gari, a tokare ta da itace nan take, a sauya ta da rani.